Darar da Iska Ta Ɗauke a Birchi

Daminar bana ce ta ashirin da uku da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Kurfi. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don na san shi kansa ba zai so ba. Mutum ne da in ka yabe shi a gabansa sai ya miƙe ya ce bari ya je ya duba ruwan lagireto. To amma bana wani abu ya faru a gidanmu, abin da ya haɗa tagar mota da wata dattijuwa mai jikoki, na ga in na yi shiru ban kyauta wa marigayin ba.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da kusan shekara goma. Ya fara tuƙi ana saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai, lokacin da motocin Dutsin-Ma ba su fi a ƙirga da yatsu ba, direba kuwa in ya sauko yara har layi suke yi su shafa fitila. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga yake tuƙawa, a wata baƙar mota ƙirar Ingila mai ƙofa huɗu. Da ta tsufa, Alhajin ya sayi sabuwa ya bar masa tsohuwar kyauta. Yaya ya ja ta har ƙarfinta ya ƙare, sannan ya tura ta ƙarƙashin rumfa a bayan gida, ya cire tayoyin ya ɗora ta kan duwatsu. A nan ta zauna, kaji suna yin ƙwai a kujerar baya, yaran gidan suna tuƙa ta da baki zuwa Makka su dawo kafin la'asar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Motocin yanzu da ake danna maɓalli gilashi ya hau da kansa, na san zai taɓe baki ya ce an mai da direbobi ragwaye. Hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma da yake bi tana burji, yana tsayawa ya ɗauki tsofaffi masu zuwa cin kasuwa, yau ta sha kwalta, amma sai mutum ya yi addu'a ya ƙara kafin ya hau ta. Wannan zai ɓata masa rai ƙwarai. Abin da zai fi ɗaure masa kai kuwa ba mota ba ne, ba hanya ba ce. Matasan yanzu ne da ke saɓa 'ya'yansu na fari a wuya, suna kiran sunansu a gaban manya, har su ɗauki hoto su raba wa duniya ta waya. Da Yaya zai ga haka, ƙasa zai duba har su wuce.

Yaran yanzu sai an yi musu bayanin wannan. A zamaninmu ana yi wa ɗan fari alkunya. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba kai za ka fara rugawa ba. Gidanmu kuma akwai jinin Filani ta wajen uwa, saboda haka abin ya yi mana kauri fiye da na maƙwabta. 'Yar farin Yaya ita ce Hauwa. Ana yaye ta kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta zuwa Karofi, can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji a Dutsin-Ma. Har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce Hauwa ba. Ɗiyar Karofi yake ce mata, shi ma sai ta kama dole.

Bayan Sallah ƙarama ta bara aka taru a gida, sai Nasiru ɗan Hauwa ya ta da maganar motar. Makanike ne, yana da gareji a Dutsin-Ma, ya kusa arba'in, gemu har ƙirji. Ya ce a ba shi ita ya tashe ta, ya gaji da ganin motar kakansa ta zama akurki. Ƙannen Hauwa kowa ya hau murna, wannan na tuna ranar da Baba ya kai su kallon dambe a ciki, waccan na tuna yadda yake ɗora ta kan cinya ta riƙe sitiyari. Hauwa tana gefe tana sauraro har suka gama. Sannan ta ce a kira 'yan gwangwan su auna ta su tafi da ita, wurin ya samu iska.

Da aka watse na kira ta zaure. Na ce, “Hauwa, mi motag ga ta yi maki?”

Ta ce, “Baffa, ba ta yi mani komi ba. Ban da komi cikinta ne. Kowa na da labarin Baba, ni fa? Ko sunana ban taɓa ji bakinshi ba.”

Na ce ai ta san al'ada ce.

“Na sani, Baffa. Sanin bai hana ni jin zahi ba. In mai garejin nan ya gyara ta, ka ce mashi kar ya kawo mani ita ƙofar gida.”

Mace ce da ta haura sittin, tana shan maganin hawan jini, amma a ranar muryarta ta yarinya ce da aka manta da ita wajen rabon tsaraba. Abin ya tsaya mini a rai. Na san Yaya yana son 'yar nan, na sani kamar yadda na san sunana, to amma da me zan nuna mata? Rantsuwar tsoho ba hujja ba ce. Ni na haura tamanin, ita ga ciwo, na ji tsoron ɗayanmu ya tafi ita tana riƙe da wannan magana.

Nasiru dai bai fasa ba. Ya ɗora motar a bayan wata babbar mota ya kai gareji, aka shiga aiki. Inji ya ci watanni, mai walda ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa. Ni kuma da ba ni da aikin yi tun da na aje aikin malamin dabbobi, sai na naɗa kaina mai sa ido. Duk ranar da na samu mota na zo Dutsin-Ma, benci na nan an aje mini. Jikan nawa kan ce, “Tsoho, kai da ko keke ba ka iya ba, mi kake dubawa?” In ce masa ina duba kar ya sa mata kan babur.

Tagogi ya bari ƙarshe. Wanda bai taɓa buɗe cikin ƙofar mota ba bai san cewa gilashi ba a kan ƙarfe yake hawa da sauka ba. Akwai wani siririn kwararo da yake bi, an shimfiɗa masa ziri mai laushi a ciki, da wani zirin kuma a bakin tagar da ke share gilashin yana tare ruwa. Makanikai robar gilashi suke ce masa, ko da yake na motocin da ba roba zalla ba ne, wani irin ulu ne da aka danne ya yi kauri. In ya ruɓe, gilashi ya dinga kaɗawa ke nan yana ƙara, ruwan sama ya bi ta nan ya jiƙa mutum, ragowar ya taru a gindin ƙofa ya haifi tsatsa. Nasiru ta waya ya yi odar sabo daga ƙasar waje, aka kawo masa a nannaɗe cikin kwali. Ya yi ta yi mini bayanin yadda ake sa shi: a kankare kwararon tas, a auna, a fara daga lungun sama, inda ya lanƙwasa a ɗan tsaga bayan zirin don ya kwanta, a bi shi da siririn katako ana dannawa, kar a taɓa shi da sukudireba. In ya yi tauri hannun murɗawa ya karye, in ya yi sako-sako an yi aikin banza.

Wata hantsi ya cire marfin ƙofar baya ta hagu, ya zare gilashin, ya sa filaya ya jawo tsohon zirin. Sai na ga ya tsaya yana juya shi a hannu.

“Tsoho, zo ka gani. Wannan ba na kamfani ba ne. Bakinshi baƙi, cikinshi ja. Kuma guntu-guntu ne aka jera.”

Na karɓa na murza shi da yatsa. Wallahi sai da na nemi bencin nan na zauna. Abin da na manta shekaru aru-aru ya dawo mini gaba ɗaya, har da warin sholisho.

'Yan shekaru ne bayan 'yancin kai, ina saurayi na zo hutu daga wurin koyon aikin dabbobi. Matar Yaya, Dije, ta tafi goyon ciki gidansu a Karofi, ta haifi Hauwa, ta gama wankan jego, lokacin dawowa ya yi. Ya faɗo tsakiyar marka, irin wadda ake wuni ba a ga rana ba. Alhajin ya ara wa Yaya motar ya ɗauko su. Matsalar ita ce burji da rana sun riga sun cinye zirin tagogin, in ana ruwa har kujera yake jiƙawa. Alhaji bai damu ba, tsakiya yake zama. Sabon ziri kuwa sai Kano, can ma sai an yi sa'a.

Ana gobe tafiya na tarar da Yaya a ƙarƙashin rumfa ya warware ƙofofin. Ya gwada tsohon tub ɗin taya, ya riƙe gilashin ƙam ya ƙi motsi. Na ce ya yanki bargo, ya gwada, bargon ya yi ta zarewa. Ya daɗe tsaye yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Sai ya shiga ɗaki ya fito da jar dararsa.

Darar nan ba ƙaramar hula ba ce. Surukinsa, mahaifin Dije, shi ya ba shi ita da hannunsa bayan ɗaurin aure, kuma duk zuwan da zai yi Karofi da ita yake zuwa. Na ce, “Yaya, kanka ɗaya? Gobe gaban mai ita za ka tsuguna fa.” Bai ko dube ni ba. Ya cire tuntun, ya sa reza ya bi ta a zagaye yana fitar da ziri, ya shafa sholishon faci a kwararon ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Bakin da zai fito fili ya goga masa baƙin man takalmi. Da ya murɗa gilashin ya hau sumul ba ƙara, sai ya juyo ya nuna ni da rezar ya ce, “Bakinka.” Washegari ya sa wata tsohuwar hular saƙi ya tafi, ya ce wa surukinsa iska ce ta fizge darar a wajen Birchi yana tuƙi.

Ni kuwa har ga Allah na manta. A lokacin abin dariya na ɗauke shi, ba wani abin riƙewa ba.

Ban gaya wa Nasiru komai ba. Na ce ya aje guntayen a faranti, kar ya taɓa sauran ƙofofin sai jibi. Na aika wa Hauwa cewa ina nemanta a garejin, ban ce don me ba, na san dai ba za ta ƙi kiran ƙanin ubanta ba. Na kuma je da kaina na ɗauko Dije daga Kurfi. Idonta ya yi rauni yanzu, amma bakinta na nan yadda na san shi. Ni da ita abokan wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, har yau malamin shanu take ce mini.

Hauwa ta iso ta gaishe mu, ta zauna ta ba motar baya. Na ɗauki guntu ɗaya na sa a tafin Dije na ce ta faɗa mana ko mene ne. Ta shafa, ta murza, ta kai hanci. Sannan ta ce, “Wagga ai dara ce.” Na ce daga cikin ƙofar motar aka ciro ta, na kwashe labarin duka na faɗa, ban rage komai ba.

Dije ta saki salati. “Kai, malamin shanu! Ashe da bakinka cikin ƙaryag ga? Shekara da shekaru ina zagin iskar Birchi, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba! Babana har ya rasu yana cewa mijina sakarai ne da ba ya iya riƙon hula.” Ta yi dariya har ta koma share ido da bakin mayafi.

Hauwa ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta ce, “Inna, don ke ya yi. Amarya da jego.”

“Ni? Ni da na sha ruwa a motag ga ya fi a ƙirga, bai taɓa yanka ko tsumma ba?” Dije ta gyara zama. “Bari in gaya maki. Rannan kina cinyata, nan baya ta hagu. Goggona na gefe, ita ta rako mu, ga kunya, ba mai magana. Tahiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai, har mai jaki ya wuce mu. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Amma duk inda ya rage gudu, kan kwalbati ko rami, sai in ji ya ce, yana kallon gabanshi, ‘Ruwa na taɓa ta?’ Goggo ta ce a'a. A jima kaɗan ya ƙara. Har sai da Goggo ta ce, Malam Garba, in ka ƙara tambaya zan miƙa maka ita ka duba da kanka. Sannan ya yi shiru. Da muka iso Kurfi shi kuwa kafaɗarshi ta dama sharkaf, kamar an tsamo shi a rijiya.”

Hauwa ta tambayi abin da ya jiƙa shi tunda ya gyara tagogin. Ni na kasa tunawa. Nasiru ya tashi ya kwance marfin ƙofar direba a gabanmu, ya haska da fitilar waya. Babu komai a kwararon sai tsatsa da wasu tsummoki da aka cusa daga baya. Ya buɗe sauran biyun, ja, ja. Darar taga uku kawai ta isa, ya bar tasa haka.

Na ga mutane suna kuka iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na Hauwa ba, don ba sauti. Ta ɗauki guntun nan ta rufe shi a tafin hannu, kafaɗunta kawai ke motsi. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Ni ma na juya ina karanta wata tsohuwar kalanda da ke bango.

Da ta natsu ta wanke fuska da ruwan buta, ta miƙe ta nufi ƙofar direban. Ta ce a kankare mata kwararon, ita za ta sa na wannan. Ta taɓa ɗinki, hannunta ya san awo. Ɗanta ya nuna mata lungun da ake farawa, ta kama zirin tana turawa da babban yatsa, tana bi da katakon a hankali. Da ta iso inda ya lanƙwasa sai ta miƙa hannu baya ba tare da ta juyo ba, ta ce, “Nasiru, miƙo mani almakashi.”

Sai a lokacin na farga cewa Nasiru ɗanta ne na fari, kuma tun da aka raɗa masa suna ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Dije ta ce, “A'a! Yau kuma?” Hauwa ta ce, “Inna, bar ni.” Shi kuwa gardin, da gemunsa da komai, ya rikice ya miƙa mata filaya.

Gilashin ya hau ya sauka ba ƙara, ba tauri. Sauran ukun ma an sa musu sabo, don tsohuwar darar ta gama aikinta, taɓa ta kaɗan sai ta marmashe. Hauwa ta tattara guntayen ta ƙulle a bakin zane ta tafi da su, ba ta nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya isa ya hana ta.

Tun daga ranar nake auna abin da Yaya ya bari. Bai bar gidaje ba, bai bar jawabi ba, sunansa ma in ka fita daga Kurfi da Dutsin-Ma ba wanda ya sani. Alkunyar da ya riƙe ba zan zage ta ba, tarbiyyar da aka yi mana ke nan, kuma akwai mutunci a cikinta. Sai dai na ga inda take ciwo, na gan shi a fuskar 'yar wana. Mutanen zamaninmu sun iya so, faɗi ne ba su iya ba, sai su cusa shi a inda ba mai gani su shafa masa baƙi. Wani a gano, wani kuwa 'yan gwangwan su auna su tafi da shi. Shi ya sa in na ga matashi ya saɓa ɗiyarsa ta fari a wuya yanzu, na daina taɓe baki. Ina jin Yaya ma, in ya gama duban ƙasa, ba zai ce an yi laifi ba.

Allah Ya jiƙan Malam Garba Direba, Ya sa inuwa a kabarinsa, Ya haɗa mu da shi a inda ba a jin kunyar kowa. Motar ta tashi tun farkon damina, tana tari kaɗan da safe kamar kowane tsoho. A ƙofar gidan Hauwa take kwana.